Girman Tsohon Ɗan Wasa Daban, Rabon Mintuna Daban

Daren jiya a majalisarmu ta nan Birnin Kebbi mun yi doguwar gardama da wani yayanmu wanda ya buga ƙwallon kwando a zamanin ƙuruciyarsa, kuma har yanzu yakan hana idonsa barci don kallon wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ake farawa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare agogonmu. Na ce masa idan tsohon ɗan wasa ya fara gazawa, ƙafarsa ta yi nauyi, jifansa ya daina shiga kwando, to wajibi ne koci ya rage masa lokaci ya ƙara wa matasa. Sai ya dube ni ya ce, "Ƙanena, da tsohuwar zuma ake magani." Na yi shiru saboda girmansa, amma maganar ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zo nan in faɗi abin da ban iya faɗa a gabansa ba.

A fara da lissafi. Wasan NBA minti 48 ne, kuma mutum 5 ne a fili daga kowane ɓangare, wato minti 240 ke nan koci yake da su a kowane dare, ba zai iya ƙara ko ɗaya a kai ba. Duk minti 30 da ya bai wa ɗan shekara 35 da ba ya iya bin abokin karawarsa da gudu, daga rabon wani yaro ɗan shekara 20 ya ɗebo su. Yaron nan kuwa ba zai koyi karanta wasa a zaune kan benci ba, kamar yadda ɗan masunci a Argungu ba ya koyon riƙe homa da gora yana tsaye a bakin gaɓa yana kallon mahaifinsa. Atisaye yana gyara hannu, amma sanin lokacin da za a miƙa ƙwallo da lokacin da za a jefa ta, alhali 'yan kallo suna ihu kuma saura daƙiƙa 5, wannan sai a cikin wasa na gaske ake samunsa.

Misalin da na fi so shi ne na Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne kuma aka haife shi a Girka. Ƙungiyar Milwaukee Bucks ta ɗauke shi a matsayi na 15 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2013, yana siriri, yana yawan kuskure, kuma maki da yake ci a kowane wasa bai kai 7 ba a kakarsa ta farko. Duk da haka an bar shi yana buga kusan minti 25 a kowane dare, a kakar da ƙungiyar ta ci wasa 15 kacal cikin 82. Wanda ya dubi teburin gasa a lokacin zai ce asara ce zalla, amma wannan yaron ne ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2020, sannan a 2021 ya zuba maki 50 a wasan ƙarshe da Phoenix Suns ya kawo wa garin Milwaukee kofin da rabonsa da shi tun 1971. A ɗaya gefen akwai Darko Milicic, wanda Detroit Pistons ta zaɓa na 2 a 2003, gaban Carmelo Anthony da Dwyane Wade waɗanda suka zama manyan taurari, sannan koci Larry Brown ya bar shi da abin da bai kai minti 5 ba a wasa a kakarsa ta farko. Zan yi wa Brown adalci, domin ƙungiyarsa ta ɗauki kofi a 2004, kuma mai neman kofi a bana yana da uzurin riƙe gogaggu. Ƙorafina yana kan ƙungiyar da kowa ya san ba za ta je ko'ina ba, amma tana nan tana ƙona mintunanta a kan mutanen da za su yi ritaya nan da shekara biyu.

Dalilin da ya sa kociyoyi suke yin haka ba ɓoyayye ba ne. Koci yana tsoron kora idan rashin nasara ya yi yawa, kuma tsohon hannu ko da ya gaza, kuskurensa sananne ne, ba ya zuwa da ba-zata irin ta yaro. Ga kuma kuɗi, domin shugabannin da suka sa hannu a kwantiragin miliyoyin daloli suna jin kunyar a ga mai wannan albashi a benci, kamar manomin da ya sayi irin shinkafa mai tsada, ya ga bai tsiro ba, amma ya ƙi sake shuka don kada a ce ya yi asara.

Inda yayan namu yake da gaskiya shi ne cewa tsohuwar zuma tana magani, sai dai magani da cokali ake shansa. A kakar 2014 zuwa 2015 koci Steve Kerr ya mayar da Andre Iguodala benci a Golden State Warriors, mutumin da ya yi shekara 10 bai taɓa fara wasa daga benci ba, ya bai wa matashi Harrison Barnes gurbinsa. A wannan kakar ce David Lee ya ji rauni, Draymond Green wanda aka zaɓa can a matsayi na 35 ya shiga wurinsa, kuma da Lee ya warke ba a mayar masa da gurbin ba. Ƙungiyar ta ci wasa 67, ta ɗauki kofinta na farko cikin shekara 40, kuma wanda aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe shi ne Iguodala ɗin nan, wanda ya isa watan Yuni da sauran ƙarfi a ƙafarsa.

Oklahoma City Thunder ta wuce nan ma. A watan Maris na 2021 ta yi yarjejeniya da gogaggen ɗan wasanta Al Horford ya zauna a benci har ƙarshen kaka don matasa su samu fili. Ta sha kashi sosai, ta ci wasa 24 kawai a kakar da ta biyo baya, sannan 40, sannan 57, sannan 68 da kofi a 2025. Shi ma Horford bai tozarta ba, ya koma Boston Celtics ya ɗauki kofi a 2024.

Ba cewa nake yi a miƙa wa yaro minti don kawai shekarunsa kaɗan ne ba. Wanda ya ƙi komawa tsaron gida ko ya raina atisaye, a zaunar da shi, kuma tsohon ɗan wasan da ke gefensa a benci shi ya fi dacewa ya gaya masa dalili. Da yammacin yau zan koma majalisa, kuma na san yayan namu zai kawo mini sunan LeBron James da ya haura shekara 40 yana buga wasa. Amsata a shirye take: LeBron bai gaza ba tukuna, ni kuwa a kan waɗanda suka gaza nake magana.