Cibiyar binciken madura ta Khartum ba kamfanin magani ba ce

Wasu 'yan'uwanmu manoma a Mai Wurno da Jazira, a ƙasar Sudan, na gudun cibiyar binciken cutar madura, suna cewa kamfani ne mai gwada magani a jikin talaka don riba. Sam ba haka ba ne. Jami'ar Khartum ce ta kafa ta a 1991 a asibitin Soba, ƙarƙashin Farfesa Ahmad Fahal. Cutar kan shiga ne ta sukar ƙaya a gona, ƙafa ta kumbura, tana fitar da ƙwayoyi kamar tsakuwa, har a kai ga yanke ta. Gwajin sabon maganin da suka fara a 2017 da ƙungiyar DNDi mai binciken magungunan cututtukan da aka yi watsi da su aka yi shi, ita ma ba ta neman riba. Abin takaici, yaƙin Sudan na 2023 ya tarwatsa aikinsu a Soba.