Tsohuwar jarida a cikin silin ta fi gilashin ado aiki

Wallahi abin nan na damuna, da an ce gini mai kare muhalli sai ka ji kowa sola, sola, gilashi, shuke-shuke a saman bene, amma ba mai zancen abin da ke ɓoye cikin bango da silin alhali can ne aikin yake.

Selulos nake nufi, wanda ake hurawa da inji don ya tare zafi da sanyi. Jama'a tsofaffin jaridu ne fa da kwali, a niƙe su su koma kamar auduga, wajen kashi 80 cikin 100 takarda ce da an riga an gama da ita, ragowar sinadarin boret ne don kar wuta ta kama shi da wuri, ƙwari ma ba sa shiri da shi. Shi kuwa na zaren gilashi sai an narka yashi a tanderu kafin a same shi, ka lissafa makamashin da ya ci tun bai bar masana'anta ba.

To ga inda satifiket ya shigo. LEED, tsarin Amurka na ba gini shaidar kare muhalli, maki ake tarawa, 40 ka samu shaida, 50 azurfa, 60 zinariya, 80 filatinam. Selulos ta hanya biyu yake kawo maki, na farko kayan da aka sake sarrafawa ne, na biyu kuma wanda ya fi tsoka, esi da hita sun rage shan wuta, don ɓangaren makamashi shi ya fi kowane yawan maki. EDGE ma, irin wannan tsarin na IFC, wani reshe na rukunin Bankin Duniya, sai ka nuna ragin kashi 20 a wuta, a ruwa, da hayaƙin kabon da ake fitarwa wajen yin kayan ginin, kun ga biyu cikin ukun ya taɓa.

Amma don Allah kar wani ya ɗauka sayen buhunan ne ke ba da satifiket. In an watsa shi sakwa-sakwa a silin yana zaunawa, kaurin kan ragu har kusan kashi 20, dole tun farko a ƙara masa. A bango kuwa sai an danƙare shi sosai, in ba haka ba sama ta zama fanko zafi ya bi ta nan. Kuma takarda ce, rufi na yoyo zai sha ruwa ya yi nauyi, a fara gyara rufin kafin ma a kira mai injin.