4+4 ɗin da ke jikin kwalin waya ba 8 ba ne

Makon jiya na raka ɗan ƙanwata wani shagon waya a wajen Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Mai shagon ya ajiye mana waya biyu masu kuɗi ɗaya. Kwalin guda an rubuta 6, na ɗayar kuma 4+4. Ya ɗora yatsa kan ta biyun ya ce, "Alhaji, wannan ram ɗinta giga 8 ne, ta fi waccan." Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ita za mu ɗauka." Ban ga laifin mai shago ba, abin da aka buga masa a kwali yake karantawa. Sai dai lissafin ba haka yake ba.

Ram kamar kanta ce a shago, inda ake baje kayan da ake ciniki yanzu. Ma'adanar waya ko faifan kwamfuta kuwa sito ne a bayan gida, mai faɗi amma da nisa. Mai rabon wuri a kan kantar shi ne kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Yakan yanka ram gunduwa-gunduwa, kowace ana ce mata shafi, galibi bayit 4096. Da, idan kanta ta cika, sai ya kwashe shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba ya kai sito. Zuwa sito da dawowa a tsohon faifai mai juyawa ya ninka ɗauko abu daga ram sau dubbai wajen ɓata lokaci, shi ya sa kwamfuta kan daskare kana kallonta tana kallonka. A waya kuma akwai ƙarin matsala, don yawan rubutu yana cinye irin ma'adanarta.

Duk wanda ya taɓa ganin an fasa dilar gwanjo ya riga ya fahimci maganin da aka samo. Kayan da za su cika ɗaki an danne su an ɗaure sun koma ƙunshi guda. Haka kanel ke yi wa shafukan da suka yi sanyi: maimakon ya kai su sito, sai ya matse su ya jingine a gefen kantar. Sau da yawa shafi 2 ko 3 kan shiga gurbin ɗaya, kuma kwance su ya fi tafiya sito sauri nesa ba kusa ba.

A Linux, wanda Android ke zaune a kansa, hanya biyu ce. Akwai zram na Nitin Gupta, da ya fara da sunan compcache, ya samu cikakken gurbi a Linux 3.14 a 2014. Shi yakan keɓe wani yanki na ram ya mai da shi sito na matsattsun kaya. Akwai kuma zswap na Seth Jennings, ma'aikacin IBM a lokacin, da ya shiga Linux 3.11 a 2013. Wannan tsayawa yake a ƙofar sito na gaske yana tare shafuka yana matsewa, har ya kai kashi 20 cikin 100 na ram idan ba a sauya masa ƙa'ida ba, sannan ya fara tura mafi daɗewa zuwa faifai. Google ya jingina da zram a Android 4.4 a 2013 don wayoyi masu megabayit 512 su iya motsi. Apple ya sa irin wannan dabara a Mavericks, babbar manhajar kwamfutocinsa na Mac, a shekarar, Microsoft ya biyo baya a Windows 10.

To, ba kyauta ba ce. Matsewa da kwancewa aikin ƙwaƙwalwar na'ura ne, aikinta kuma batir yake sha, abin da ba a wasa da shi a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Dabarar lz4 tana da sauri amma ɗaurinta sako-sako ne, zstd ta fi danniya amma ta fi cin ƙarfi, kuma dukkansu ƙirar mutum ɗaya ne, Bafaranshe Yann Collet. Sannan ba kowane kaya ke matsuwa ba. Auduga takan dannu, buhun gishiri kuwa ko giwa ta hau kai yana nan yadda yake. Hoto da bidiyon da aka riga aka matse tun daga tushe, gishiri ne. Ko a rana mai kyau, na'ura mai giga 4 da ta ba da giga 1 ya riƙe kayan giga 3, abin da ta tashi da shi 6 ne, kuma rabinsa a ɗaure yake.

Wancan ƙarin lambar na jikin kwali ma bai kai wannan ba. Samsung na kiransa RAM Plus, Tecno na cewa Memory Fusion, kuma su da kansu sun bayyana cewa aro ne daga ma'adanar wayar. Sito ne aka ƙirga shi cikin faɗin kanta.

Wani zai ce ai yana aiki, tun da ya kunna shi WhatsApp ya daina rufewa idan ya leƙa manhajar banki ya dawo. Na yarda, don ajiye manhajar da ke barci shi ne ainihin amfaninsa. Amma wasa mai nauyi ko haɗa bidiyo da ke son giga 6 a baje lokaci guda, sai dai a yi ta ɗaurewa ana kwancewa har waya ta yi zafi. A ganina gyara ce irin wadda mai gero kan ƙara maka bayan ya cika tiya. Ana karɓa da godiya, amma ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin gyara ba.

Inda na fi son a kula da dabarar matsewa shi ne tsofaffin kwamfutoci na hannu masu giga 4 da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Hassan Usman ke fama da su. Fedora, wani nau'in Linux, ta mai da zram abin da ke kunne tun daga farko a fitowarta ta 33 a 2020, sauran ire-iren Linux kuma kunna shi aikin 'yan mintuna ne, ba ko sisi. Masu gyaranmu su koyi wannan kafin su ce wa ɗalibi kwamfutarsa ta tsufa.

Mu dai mai giga 6 muka ɗauka. Yaron ya yi ta ƙunƙuni har muka wuce Ƙofar Soro, yana cewa abokansa duk masu 8 ne.