Tsadar koko da asusun cinikin Gana

A zangon Kumasi za ka ji ana cewa, tunda farashin koko (na gona, ba na karin kumallo ba) ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024, ai asusun cinikin Gana da waje (lissafin kuɗin da ke shigowa ƙasar da waɗanda ke fita) ya cika. Ba haka lissafin yake ba. A lokacin, hukumar koko ta Gana, COCOBOD, kan sayar da yawancin kokon tun kafin girbi, a farashin da aka ƙulla tun da wuri, ga shi amfanin gonar ya ragu a kakar 2023/24. Sannan asusun yana cire kuɗin shinkafa, kaji da man fetur da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, da ruwan bashin waje, ya kuma ƙara abin da 'yan'uwanmu ke aikowa daga Turai.