Gahawar kan hanya: me mai keke zai ɗauka idan zai kwana a daji?

Duk wanda ya taɓa ɗaure kaya a kariyar keke don tafiyar kwana uku ko huɗu ya san cewa a kan keke ba a ɗaukar komai kyauta. Duk abin da aka ɗora, ƙafa ce za ta biya kuɗinsa a hawan tudu. Shi ya sa nake ganin masu muhawara kan gahawar safe a zango suna fara maganar daga inda bai dace ba. Sai ka ji ana ta wace na'ura ce ta fi fitar da ɗanɗano, alhali abin da ke yanke hukunci a daji abu uku ne: ruwa nawa za ka kashe har da na wanki, gas nawa za ka ƙona, da sharar da za ka koma gida da ita. (Zan riƙa cewa gahawa, in bar kalmar kofi ga abin da ake sha da shi, don kada magana ta cakuɗe.)

Ra'ayina a fili yake. Mutum ɗaya ko biyu, tafiyar da ba ta wuce kwana biyar ba, jakar gahawa mai kunne ta fi komai. Ita ce ƙaramar jakar tacewa mai ɗauke da niƙaƙƙiyar gahawa, da kunnuwan kwali biyu da ake ratayawa a bakin kofi, irin wadda ta yi ƙarfi a kasuwannin Japan da Taiwan da Koriya kafin ta bazu. Ba ta buƙatar ko ɗigon ruwan wanki, guda goma ba su kai nauyin waya ba, kuma ruwa yana ratsa garin ne daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ake tace gahawa a gida. Amma mutane da yawa sun gwada ta sau ɗaya sun ce tsararo ce, kuma kusan kullum laifin na yawan ruwa ne.

Ga lissafin. Ma'aunin da masu sana'ar gahawa ke bi shi ne kimanin giram 60 na gari ga lita ɗaya ta ruwa. Galibin jakunkunan nan giram 8 zuwa 12 ne a ciki. Ke nan jaka mai giram 10 ruwanta bai wuce mililita 160 zuwa 170 ba, wato kashi ɗaya cikin uku na ledar fiyawata. Kofin da ake zuwa zango da shi kuwa yakan ci mililita 350 ko fiye. Idan ka cika shi da jaka ɗaya, ka ninka ruwan da ya kamata, dole ta fito salam. Mai son babban kofi ya yi lissafin jaka biyu kowace safiya tun daga gida.

Zuba ruwan ma yana da tsari. Ka girgiza jakar tukuna garin ya koma ƙasa, ka yage bakinta a kan layin, ka buɗe kunnuwan ka rataya. Zubin farko kaɗan ne, gwargwadon abin da zai jiƙa garin, sai ka dakata daƙiƙa talatin. A nan ne iskar da ke cikin garin ke fita. Idan ka tsallake wannan, ruwa zai nemi hanya ta gefe ya wuce bai ɗebi komai ba. Bayan haka sai zubi uku, kowanne ka tsaya kafin ruwa ya kai bakin jakar, ka bari ya sauka. Duka aikin minti biyu zuwa biyu da rabi ne. Abin da ke ɓata shi a daji shi ne tukunyar da ba ta da bakin zuba. Ruwa ya zubo gaba ɗaya, kunne ɗaya ya jiƙe ya saki, gari ya faɗa cikin kofi. Maganinsa ƙaramar buta, in babu kuma ka jingina cokali a bakin tukunya ruwan ya bi jikinsa a hankali. Kofin ya zama mai zurfi, don idan gindin jakar ya nutse cikin abin da aka tace, ruwa ya daina sauka. Ka kuma share ƙasa ka daidaita wurin kafin ka fara, saboda kofi marar nauyi da jaka a rataye abu kaɗan ke kifar da shi.

Akwai 'yar'uwarta, jakar tsomawa, wadda ake jefawa cikin ruwa kamar lifton. Ta fi sauƙi, kuma ranar da iskar hunturu ke kaɗawa har mutum ba ya iya zuba ruwa daidai, ita ce mafita. Rauninta shi ne ruwa ba ya ratsa garin da kansa, sannan iskar da ke ciki tana sa ta yi ta yawo a sama. Sai ka danna ta da cokali har kumfa ya daina fita, ka yi ta tsomawa kana ɗagawa kamar sau goma sha biyar, ka rufe kofin minti huɗu ko biyar, ka matse ta kafin ka cire. Rufewar nan wajibi ce. Kofin ƙarfe a sanyin asuba yana zubar da zafi da sauri, kuma ruwan da ya huce ba ya fitar da komai sai tsami. Wanda ke da fulas ya jefa jaka biyu a ciki, ya fi.

Wajen saye, abu ɗaya nake so a duba kafin suna ko farashi: shin kowace jaka a like take cikin nata ƙunshin mai ƙyalli? Niƙaƙƙiyar gahawa tana rasa ƙamshinta cikin 'yan kwanaki idan iska na taɓa ta. Kamfanonin kirki suna fitar da iska su cika ƙunshin da iskar naitirojin kafin su like. Idan jakunkuna ashirin ne zube a kwali ɗaya cikin leda ɗaya, ta farko ce kawai za ta yi daɗi. A nemi ranar da aka gasa ta, don ranar lalacewa ba ta faɗa maka komai game da ƙamshi. Idan kuma ka hau tudu ka ga ƙunshin ya kumbura, kada ka tsorata, raguwar nauyin iskar waje ce, alama ce ma cewa bai huje ba.

Tsadar jakunkunan nan gaskiya ce, musamman da yake mafi yawansu daga waje ake shigo da su. Hanyar da ta fi araha ita ce a sayi jakunkunan da babu komai a ciki ta intanet, a cika da kai daren tafiya, giram 12 kowace, niƙa matsakaici kamar yashin rafi. Ana noman gahawar Arabika a tsaunin Mambila a jihar Taraba, kuma wanda ya samu gasasshiyarta sabuwa ya cika jakarsa da ita, ya fi wanda ya sayi ta waje da ta yi wata takwas a kanti.

Maganar Mambila ta kawo mu ga zafin ruwa. Gahawa tana son ruwa mai digiri 90 zuwa 96. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a bakin teku, kuma duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. A Kano ko Sakkwato, idan ka sauke tukunya ka jira rabin minti. A Jos, da ke kan tsayin kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, jiran kaɗan ne. A saman Mambila kuwa, inda ake kai mita 1,600, da ka sauke ka zuba, don ya riga ya zo daidai kuma sanyin wurin ba zai jira ka ba. Idan ruwan rafi ne ko na rijiyar da ba ka sani ba, ka bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya cur, sama da mita 2,000 kuma minti uku. Takardar tace gahawa ba ta tare ƙwayar cuta.

To idan mutane sun kai huɗu ko biyar fa, ko tafiyar ta mako biyu ce? A nan jaka ta daina riba, don sharar ta yi yawa kuma layin jira ya yi tsawo. Sai a koma tukunya, hanyar da ba ta buƙatar ƙarin kaya ko ɗaya. Ledar fiyawata guda, wato rabin lita, tana son giram 30, kimanin babban cokali shida ba tare da tozo ba, niƙa mai kaushi kamar garin kwaki. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba garin, a juya sau ɗaya, a rufe minti huɗu. Sai a yayyafa cokali biyu na ruwan sanyi mai tsabta a sama, a bari minti ɗaya ko biyu garin ya kwanta, a tsiyaye a hankali a bar na ƙasa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne barin garin yana tafasa a kan wuta, sai ɗaci ya rufe komai. Idan garin ya fara kwana biyu ƙamshi ya ragu, a yi koyi da masu jabana, wato gahawar gargajiya ta Sudan, a sa 'yar citta. Tana gyara shi ƙwarai.

Cikin na'urori, AeroPress kaɗai nake ganin ta cancanci gurbi a jakar keke, wato wadda take kamar babban sirinji, ana danna ruwa ya ratsa gari da takardar tacewa ya sauka cikin kofi. Alan Adler ya fito da ita a 2005, roba ce, ba ta fashewa, kuma ƙaramar da aka yi don tafiya ta ɗan haura giram 300 har da kofinta. Giram 15, ruwa mililita 200 zuwa 220, minti biyu, sai a danna a hankali na rabin minti. Wankinta shi ne abin yabo: ka buɗe ƙasa ka tura, dusar ta fito dunƙule guda, ka goge robar. Sai dai dannawar tana son kofi mai ƙarfi da ƙasa mai daidai. Kada a bi salon kifa ta da ake gani a bidiyo, domin a kan dutse ko ciyawa ruwan zafi ne zai zubo a hannu, kuma mai ƙuna a tafin hannu ba ya iya riƙe birki.

Tukunyar Bialetti, wadda ake kira moka, 'yar tukunyar ƙarfe da tururi ke tura ruwa sama ya ratsa gari, a bar wa masu zuwa zango da mota. Tana da nauyi, gindinta ya fi ƙafafun ƙaramin murhun gas ƙanƙanta don haka tana karkacewa, wuta na lasar hannunta har ya narke, kuma sai ta huce kafin a kwance ta a wanke. Mai dannawa ta gilashi kuma, wadda ake jiƙa gari a ciki a danne shi ƙasa da rariya, ba a ma maganarta, ko ta roba ce ruwan wankinta yakan kai na sha.

Ban raina Nescafé da ire-irenta ba. Giram biyu sun yi kofi guda, kuma ranar da ruwan sama ya hana kunna wuta tana narkewa ko a ruwan sanyi idan aka girgiza gora. A sa ƙunshi uku ko huɗu a ajiye don irin wannan rana. Mai haɗe da madara da sukari kuwa, a karanta bayanta, za a ga sukari ne a farkon jerin. Ga mai tuƙa keke tun safe sukarin yana da amfani, amma a san abin da ake sha.

Gas ma a lissafa shi. Tafasa rabin lita a wurin da babu iska yana cin kimanin giram 7 zuwa 10, ke nan ƙaramin gwangwani mai giram 100 zai yi tafasa goma zuwa goma sha huɗu. Iska tana iya ninka wannan cin. A rufe tukunya, a auna ruwan da ake buƙata kaɗai, a kare murhu da jiki ko dutse daga ɓangaren iska. Amma kada a zagaye murhun da ke zaune a kan gwangwaninsa gaba ɗaya, gwangwanin zai yi zafi. Kuma komai sanyi, komai ruwan sama, kada a kunna murhu ko gawayi cikin tanti. Iskar gubar da ke fita ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Kofi ɗaya yana ɗauke da kafeyin, sinadarin gahawa mai hana barci, kimanin miligiram 80 zuwa 100, kuma hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya. Irin Robusta ya kusan ninka Arabika a ƙarfi. Jiki yana ɗaukar wajen awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka wanda ya sha bayan la'asar zai yi ta juyi a tanti, gobe kuma ga kilomita tamanin na jiransa.

Shara ita ce abin da ya fi damuna. Yawancin jakunkunan nan ba takarda zalla ba ce, akwai zaren roba a jikinsu, ƙunshin kuma leda ce da ƙarfe. Ba sa ruɓewa, kuma inda muke yada zango makiyaya ne ke bi da dabbobinsu, kowa ya san abin da leda ke yi wa cikin akuya da saniya. A matse jakar ruwan ya fita, a mayar da ita cikin ƙunshinta, a tara a leda mai ɗauri har a isa gari.

Wajen ɗaure kaya kuma, a jera jakunkunan cikin kofi ko tukunya a rufe, kada a cusa su kusa da sifana da kayan faci. Girgizar hanya ta yini guda ta isa ta huda ƙunshin. Gahawa kuma tana jan wari kamar soso, don haka a raba ta da kananzir da sabulu da busasshen kifi, ko da a ce kowanne a ɗaure yake cikin ledarsa.