Alhaji Ya Karɓi Allurar Makka, Ya Kori Ta Ƙofar Gidansa

Abin da ya faru a layinmu ranar Asabar ya riga ya zaga gari, don haka ba sai na maimaita shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da ya kori masu rigakafin shan inna daga zaurensa, har ya sa yaro ya ɗebo ruwa ya wanke allin da suka rubuta a bangon gidan, shi ne dai wanda bara ya bi layin maniyyata tun da sassafe, ya naɗe hannun riga aka yi masa allurar sanƙarau da ta shawara, domin ya san ba a hawa jirgin Makka sai da katin rigakafi. Ranar bai tambayi ƙasar da ta haɗa maganin ba. Ya dawo da haƙorin Makka da tsarabar dabino, kuma amaryarsa ta haihu a bana, saboda haka da alama makircin hana haihuwar da ake cewa an ɓoye a cikin rigakafi bai kama shi ba.

Bayan la'asar na ce masa, "Alhaji, yaran nan fa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba." Sai ya ce, "Malam, ku 'yan boko komai aka kawo sai ku haɗiye. Gwamnatin da ta kasa ba ni taki, ta kasa tsare mini hanyar gona, ita ce za ta biyo ni har gida da magani kyauta?" Ya ƙara da cewa ya ji wani malami a waya yana gargaɗi a kan abin.

Amsar tasa ba ta taɓa maganin ko sau ɗaya ba. Ya ambaci gwamnati, ya ambaci malami, ya ambaci 'yan boko. Mu a nan bakin da ya faɗi magana muke aunawa kafin mu saurari maganar, kuma idan Saudiyya ce ta ce a yi, an gama, idan kuwa Abuja ce, to akwai lauje cikin naɗi.

Wanda ya yi wayo a 2003 ya ga wannan da idonsa. A shekarar ne Amurka ta mamaye Iraƙi, a shekarar ne kuma Buhari ya sha kaye a hannun Obasanjo, zukatan Arewa suna tafasa. Cikin wannan yanayi Dakta Datti Ahmed, wanda likita ne kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ya ce an gurɓata maganin shan inna da sinadarin hana haihuwa, sai Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Kano, a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Ɗigo biyu ne dai a bakin yaro, aikinsu ɗaya, hannun da ya miƙo su ne kawai ya sauya. Kafin ƙurar ta lafa cutar ta tsallaka daga nan zuwa ƙasashe kusan 20, har da Indunusiyar kanta a 2005.

Na san za a cika mini wurin sharhi da maganar kamfanin magunguna na Pfizer. Na riga ku saninta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200, guda 11 suka rasu, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin takaici ne da bai kamata a manta ba, kuma shi ya sa ba na yi wa talakan da ke tsoro dariya. Amma wanda yake kafa hujja da Trovan da safe, da yamma za ka same shi a bakin tasha yana sayen garin magani a leda daga mai lasifika, maganin da aka ce yana warkar da basir da hawan jini da ciwon suga a lokaci guda. Wannan bai taɓa neman a kai shi ɗakin gwaji ba, saboda mai sayarwar ya buɗe talla da bisimilla.

Lokacin korona ma haka aka yi. A Daura aka fara samun wanda cutar ta kashe a jihar nan ta Katsina, kuma likita ne, amma har aka buɗe gari wasu suna rantsuwa cewa cutar kuɗi ce ta gwamnoni. A Kusada an ƙone ofishin 'yan sanda a kan hana sallar Juma'a, a daidai lokacin da Saudiyya ta dakatar da Umara, daga baya ta taƙaita Hajjin 2020 ga mutane ƙalilan mazauna ƙasar. Su kuma shugabanni suka ba masu shakka makami da hannunsu, domin a watan Oktoba an fasa rumbuna a jihohi da dama an tarar da kayan tallafin korona a jibge, jama'a suna kwana da yunwa. Wanda ya ɓoye maka taliya, da wuya ka yarda da shi idan ya ce ka miƙo hannu a yi maka allura.

Addini kuwa, wallahi ana ɗora masa abin da bai ce ba. Hadisi ne ingantacce cewa idan annoba ta sauka a gari kada na waje ya shiga, na ciki kuma kada ya fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Malaman da suka san wannan suna da yawa, kuma da su da sarakuna, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, aka sha wahala har aka kai ga shelar 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka. Wanda yake neman mabiya da saƙon murya na minti uku ya fi su kasuwa, domin tsoratarwa ta fi karantarwa saurin yawo, kuma ɗan siyasar da ke buƙatar ƙuri'ar mabiyansa ba zai taɓa tsawata masa ba. 'Ya'yan ɗan siyasar kuwa katinsu na rigakafi a cike yake.

Ina rubuta wannan ne ina tuna wani abokin wasana da muka yi makarantar allo tare, wanda har yau yake jan jiki da takalman roba a tafin hannu, ga kuma yaran da mashaƙo ya shaƙe a 2023, cutar da allurarta take a asibitin unguwa kyauta. Babu ɗayansu da ya taɓa jefa ƙuri'a ko ya zaɓi malamin da zai bi lokacin da aka yanke masa hukunci.

Af, jiya na tambayi ɗan ƙanena, wanda yake ajin ƙarshe na sakandare a ɓangaren kimiyya, ko ya taɓa jin sunan Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi da Larabci a kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya ce bai taɓa ji ba, ko da yake kullum yana ganin Hasumiyar Gobarau a hanyarsa. Na tambaye shi yadda suke yin gwaje-gwaje a makaranta, sai ya ce malaminsu yana zana musu kwalaben a allo ne su kwafa, domin ɗakin gwajin an mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru.