Malamin lissafi ma ya san tarihin abin da yake koyarwa

Wallahi wannan shawarar ta a saka falsafa da tarihin lissafi cikin horar da malaman sakandare ta yi min daidai. Ni na tuna malaminmu zai cika allo da x da y, in ka ce malam me ya sa korau sau korau yake ba da tabbatacce sai ya ce kai dai haddace, ashe shi ma haka aka yi masa. Sai da na girma na ji cewa aljabra daga littafin wani masanin lissafi mai suna Alkhawarizmi ta samo suna, a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma har rabon gado ya yi da ita. Da an faɗa mana haka tun aji ɗaya ai da ba mu riƙa gudun darasin ba.